Yadda ake cire matashin kai na kujerar tsohuwar motar tsere ba tare da an yi ɓarna ba

Duk wanda ya taɓa kama matashin kai na tsohuwar ƙaramar motar nan mai kujera biyu, irin su MGB ko Triumph ko Jaguar E-Type, ya ja sama ya ji abin ya taho kaɗan sannan ya tsaya cak kamar an yi masa walda, to ya san abin da nake magana a kai. Matashin kai nake nufi, wanda makanikai ke cewa hedres, wato ɗan abin nan da ke saman kujera inda ƙeya ke jingina. A motocin yanzu maɓalli ne a fili ka danna ka zare shikenan, amma a tsofaffin nan abin da ke riƙe da shi a ɓoye yake cikin kujerar, ba ka ganinsa, kuma mafi yawan ɓarnar da nake gani mutane sun yi daga nan take farawa, mutum bai san me ya riƙe sandar matashin ba sai kawai ya sa ƙarfi, daga nan leda ta yage ko firam ɗin ciki ya lanƙwashe, kuma kayan waɗannan motoci ba abu bane da za ka samu a ko'ina.

Bari in faɗi dalilin da ya sa kowace mota take da nata salon, don zai taimaka maka ka gane abin da ke hannunka. Asali yawancin motocin nan ba su zo da matashin kai ba sam. MGB ta fito a 1962 da gajerun kujeru, E-Type ta fito a 1961 ita ma haka. Sai Amurka ta kafa doka cewa daga 1 ga Janairun 1969 duk sabuwar motar da za a sayar a ƙasar dole kujerun gaba su zo da abin tare kai, saboda raunin wuya da mutane ke samu idan an buge su ta baya. To kuma Amurka ce babbar kasuwar ƙananan motocin Ingila da Italiya da Jamus a lokacin, dole kowane kamfani ya nemi yadda zai ƙara abin a kujerar da tun farko ba a ƙera ta don haka ba. Kowa ya yi tasa dabarar. Shi ya sa ba za ka ce ga hanya ɗaya da ke aiki a duka ba, kai ko a mota iri ɗaya ma ta 1969 da ta 1975 ba lallai su zama ɗaya ba.

Abu na farko, kafin ka ɗauko ko da sukudireba, ka tabbata naka ma yana cirewa. Wasu kujerun dogon baya gare su a haɗe tun daga ƙasa har sama, matashin da majinginar abu ɗaya ne. Datsun 240Z haka take, Porsche 911 daga 1974 haka take, Mazda MX-5 ta farko da ta fito a 1989 ita ma haka, har da sifika a cikin wurin kan a wasunsu. Waɗannan ba abin da za ka zare, in gyara kake so sai dai a cire rigar kujerar gaba ɗaya. Idan kuwa ka ɗaga matashin ka ga sandar ƙarfe ɗaya ko biyu tana shiga cikin kujera, to da kai nake.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa. Tocila mai haske sosai, tsummoki masu tsabta guda biyu uku, tef ɗin takarda irin na masu fenti, man fesawa mai narkar da tsatsa irin su WD-40 da ɗan siririn bututunsa, gudumar roba, ɗan guntun katako, ƙaramar sukudireba, da waɗannan ƙananan kayan roba na ɓanɓare kwalliyar cikin mota in kana da su. Sai babban makamin, siririn ƙarfe mai laushi wanda zai iya lanƙwasa kaɗan ya dawo, tsawonsa kamar santimita 25 zuwa 30. Tsohon bakin zarton ƙarfe shi ya fi, amma dan Allah ka goge haƙoran tas da magagari ka zagaye ƙarshensa kada ya zama da kaifi, in ba haka ba shi da kansa zai yanka maka ledar. Siririn ƙarfen nan da ake ɗaure manyan akwatuna da shi ma yana yi. In kuma motar ta Ingila ce ka tuna notocinta na inci ne ba na milimita ba, ka nemi sufana irin su 7/16 da 1/2, kada ka sa mai lamba 11 ko 13 kana cewa ai ta kusa, cinye kan notin za ta yi.

Sai ka samar wa kanka fili. Wannan mutane suna raina shi amma rabin aikin ne. Idan motar mai buɗaɗɗen rufi ce ka sauke rufin gaba ɗaya. Idan mai rufin ƙarfe ce kamar MGB GT, to ka tura kujerar gaba sannan ka kwantar da majinginar baya, ko ka kifa ta gaba in tana kifuwa, domin sandar tana da tsawo kuma in majinginar na tsaye matashin zai bugi rufi kafin sandar ta gama fita, kuma ranar da ya saki da ƙarfi kai tsaye zai je ya huda yadin rufin ko ya bugi fuskarka. Ka ja hambirki, ka cire makulli. Sannan ka zagaye bakin ramin da sandar ke shiga da tef ɗin takarda ninki biyu, ka shimfiɗa tsumma a kafaɗar kujerar. Tsohuwar leda ko fata da ta sha rana shekara arba'in ko hamsin ba ta da haƙuri ko kaɗan, ɗan ƙarfe ya goge ta sai ka ga ta tsage.

Yanzu ka ɗaga matashin a hankali har inda ya tsaya da kansa, ka haska tocila ka duba. Sanda ɗaya ce ko biyu? Zagayayya ce ko mai faɗi? Akwai tsagi-tsagi a jikinta ko sumul take? Akwai zoben roba a bakin ramin, kuma yana motsi in ka taɓa shi? Amsar waɗannan ita za ta gaya maka wane iri ne naka.

Mai sanda ɗaya

Wannan shi ne wanda ya fi ba mutane wahala, kuma shi za ka fi samu a motocin Ingila na shekarun 1970. Sandar guda ɗaya ce mai ɗan faɗi, ba zagayayya ba, kuma sumul take babu tsagi. To me ke riƙe ta a tsayin da ka ajiye ta? A cikin firam ɗin kujerar akwai ɗan gangar ƙarfe, rola, da sifirin ke matse shi a jikin sandar, matsewar nan kawai ce ke hana matashin zamewa ƙasa. Sannan can kusa da ƙarshen sandar a yawancinsu akwai ɗan harshen ƙarfe mai sifirin, lokacin da ake tura sandar ciki yana kwanciya ya wuce, da ya shiga sai ya buɗe, in ka ja sama sai ya maƙale a gefen bututun da sandar ke shiga a cikin kujerar. Kamar ƙugiyar kamun kifi, shiga da sauƙi fita da wuya. Wannan tsayawar cak da kake ji shi ne.

Abin da za ka yi shi ne ka kwantar da harshen nan. Ka ɗaga matashin har ya tsaya, sannan ka mayar da shi ƙasa kaɗan, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Kada ka tsallake wannan, domin in harshen yana maƙale da nauyi a kansa ba zai kwanta ba ko me ka zura. Sai ka ɗauki siririn ƙarfenka ka kwantar da shi a jikin faffaɗan gefen sandar, ka zura shi ƙasa yana bin jikinta, a manne, kamar kana zura wasiƙa ƙarƙashin ƙofa. Zai fara cin karo da rolan, za ka ji ya yi tauri, ka ci gaba da turawa a hankali kana ɗan karkaɗa shi har ya wuce. Can ƙasa za ka ji ya hau wani abu mai ɗan laushi da ke turo shi, wani lokacin har ka ji ƙaramin sauti ƙyas. To ka samu harshen kenan. Ka riƙe ƙarfen da sandar tare da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙarƙashin matashin, ka ja su sama a tare. In ka bar ƙarfen a baya sandar ta taho ita kaɗai harshen zai sake buɗewa ka koma farko.

In ka gwada ta gaba ba ka ji komai ba ka gwada ta baya, don ba duka ne harshen ke kallon waje ɗaya ba, kuma wani lokacin wanda ya riga ka taɓa motar ya mayar da abin a juye. Akwai kuma waɗanda harshen ya riga ya karye tun da daɗewa, ko ma ba su zo da shi ba, tsatsa ce kawai da taurin rola ke riƙe da su. Su waɗannan ja mai kyau ne maganinsu, amma ja ma yana da yadda ake yinsa.

Ka durƙusa a kan kujerar da gwiwa ɗaya kana fuskantar baya don nauyinka ya danne ta, ko ka tsaya a bayanta in akwai wuri. Ka sa tafin hannuwanka biyu a ƙarƙashin matashin dab da sandar, ba a gefe-gefe ba. Cikin matashin ɗan firam ne siriri da soso, in ka kama kunnuwansa kana ja lanƙwashewa zai yi kuma ba zai sake miƙewa daidai ba. Ka ja sama a miƙe kan layin sandar, kana ɗan girgiza hagu da dama kaɗan kaɗan, ba gaba da baya ba, gaba da baya ne ke buɗe bakin bututun ya sa daga baya matashin ya riƙa rawa. Kuma ka kawar da fuskarka daga samansa, don in zai saki lokaci ɗaya yake saki.

In ya ƙi motsi sam

Wannan ya fi faruwa a motoci masu buɗaɗɗen rufi, ruwan sama ya bi sandar ya gangara cikin bututun shekara da shekaru ba wanda ya taɓa motsa abin, sai tsatsa ta haɗa su su zama ɗaya. Anan haƙuri ne kawai. Ka naɗe tsumma a gindin sandar, ka zura siririn bututun man fesawar cikin ramin sosai, ka fesa kaɗan. Kaɗan fa nake cewa. Akwai wata MGB da na yi wa aiki, kujerunta masu yadi ne a tsakiya, na fesa mai da yawa don ina so in gama da wuri, man ya gangara ya shiga soso, bayan kwana biyu sai ga tabo baƙi ya fito a jikin yadin daga ciki kamar faɗin tafin hannu, na wanke na wanke bai fita ba, kuma yadin na asali ne tun daga masana'anta. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tun daga ranar fesa ɗaya nake yi in bar shi ya kwana, gobe in ƙara ɗaya.

Bayan man ya jiƙa shi, ka fara bugawa ƙasa kafin ka ja sama. Mutane suna mamakin wannan amma haka ne, tsatsa ta fi saurin karyewa in ka tura abin ta inda babu abin da ya tare shi. Ka ninka tsumma ka ɗora a saman matashin, ka ɗora katako a kai daidai saitin sandar, ka buga da gudumar roba sau biyu uku, bugu gajere ba na fushi ba. Da ka ga ya motsa ko da rabin santimita ne to ka ci nasara, sai ka riƙa yi masa sama da ƙasa, sama da ƙasa, kana goge jan ruwan tsatsar da ke fitowa, kullum tafiyar tana ƙara tsawo.

Idan ƙarfin hannu bai isa ba, ka nemi mutum na biyu. Ku zagaya bel mai faɗi a ƙarƙashin matashin ta gefe biyu na sandar, ku rataya shi a jikin dogon katako, kowa ya kama ƙarshe ɗaya ku ɗaga a tare a miƙe. Abin da ba na so ka yi shi ne ka sa katako ko ƙarfe tsakanin matashin da kafaɗar kujera kana ɓanɓara, duk nauyin a kan saman firam da leda zai sauka. Kada ka kama sandar da filaya, haƙoranta za su ci kurom ɗin, wato rufin ƙarfe mai ƙyalli da ke jikinta, kuma duk inda ya ci nan tsatsa za ta fara. Wuta kuma kada ma ka kawo ta kusa, na san a wajen noti mai taurin kai zafi yana aiki, amma nan soso ne da leda da man da ka fesa, duka masu kamawa ne.

In duk wannan bai yi ba, to ka daina faɗa da abin da ba ka gani, ka buɗe kujerar. Gaskiya ni in kujerar za a yi wa sabuwar riga ne dama, daga nan nake farawa. Kujerun nan yawanci noti huɗu ne ke riƙe da layin dogonsu a ƙasan mota, ka tura kujerar gaba ka kwance na baya, ka tura ta baya ka kwance na gaba. Ka lura da duk wani ɗan katako ko zoben ƙarfe na noti da ke ƙarƙashin layin, ka ajiye su yadda ka same su. Ka fito da kujerar ka kifa ta a kan tebur da bargo a ƙasa. A bayan majinginar akwai allo siriri, ko dai a waje da sukurori a ƙasansa, ko a cikin rigar, ita kuma rigar an kama ta da ƙananan kilif a jikin firam ta ƙasa. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane kilif, ka zare su ɗaya bayan ɗaya, ka naɗe rigar sama a hankali kamar kana cire safa, in ka ji an manna ta da gam a jikin soso ka sa yatsu ka raba su kada ka fizga. Da ka kai sama za ka ga komai a fili, ga bututun, ga rolan da sifirin ɗinsa, ga ƙarshen sandar da ɗan harshen nan da ya hana ka sakat. Ka danne shi da sukudireba, wani ya ja matashin. In tsatsa ce kuma yanzu kana iya sa mai daidai inda ake buƙata, har ka ɗora guntun katako a ƙarshen sandar ka bugo ta daga ƙasa, wanda ya fi kowace irin ja aminci.

Mai sanda biyu

Waɗannan sun fi sauƙi, sai dai kowanne da inda ya ɓoye makullinsa. Sandunan zagayayyu ne kuma ɗaya ko duka biyun suna da tsagi, akwai ɗan ƙarfe mai sifirin da ke faɗawa cikin tsagin, tsagi na ƙarshe kuma an yanka shi a miƙe yadda ba zai zame ba sai an janye ƙarfen.

Ka fara da zoben da ke bakin ramin. Ka danna gefensa ko akwai maɓalli, wani lokacin maɓallin ya shafe da datti ba ka gane shi. In babu, ka gwada murɗa zoben kaɗan hagu ko dama, wasu da murɗawa suke saki. In bai murɗu ba ka haska tocila ka nemi ɗan ƙaramin rami a gefensa kamar na allura, ka zura siririyar ƙusa ko waya mai tauri ka danna kana ɗaga matashin. Wasu kuma sai ka ɗaga murfin zoben za ka ga kilif mai kamar abin kama gashi ya rungumi sandar, ka zare shi gefe da ƙaramar sukudireba, amma ka sa yatsa a kansa don tsalle yake yi ya ɓace a ƙarƙashin kafet. Zobban robar nan fa sun bushe, suna fashewa kamar ƙwai, ka ɗaga su da abin roba ba da ƙarfe ba, kuma in da hali ka bar motar ta ɗan sha ɗumi tukuna, roba mai sanyi ta fi saurin karyewa.

Tsofaffin Mercedes kuwa nasu daban ne, babu komai a bakin ramin, maɓallin yana ɓoye a bayan majinginar ƙarƙashin rigar kujera. Ka ɗaga matashin har ƙarshe, ka bi bayan kujerar da babban yatsa ƙasa da inda sandar ke shiga kana dannawa, za ka ji wani wuri da ke nutsewa ya dawo, ka danne shi ka ja. Na ga mutum ya kusa yage kujera a kan wannan alhali dannawa ɗaya ce.

Da sanda biyu dole su fito daidai da juna. In ɗaya ta riga ɗaya sai su cije, kana ƙara ja suna ƙara cijewa, in ka ji haka ka mayar ƙasa ka daidaita ka sake. In kuma motar ta ƙarshen shekarun 1980 ce mai matashin da ke hawa da sauka da lantarki, ka cire kan batir kafin ka taɓa komai, kuma ka buɗe bayan kujerar ka ga yadda aka haɗa sandar da injin kafin ka ja.

Bayan ya fito

Ka manna tef a sandar ka rubuta na direba ko na fasinja, don kowanne ya saba da bututunsa. Ka toshe ramin da ɗan tsumma kada datti ko sukuru ya faɗa. Ka goge sandar da soson ƙarfe mai laushi sosai da ɗan mai, in tsatsar ta yi kauri ka fara da sanfefa mai laushi, sannan ka ɗora ta a jikin rula ka ga ko ta lanƙwashe. In ta lanƙwashe sosai, musamman in motar ta taɓa yin hatsari, ni shawarata a nemi wata, ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe ba ya komawa ƙarfinsa na da.

Ka matsa matashin da hannu. In ka ji yana ƙaras-ƙaras ko ka ga gari mai ruwan ɗorawa yana zubowa ta ƙasa to soson ya mutu, kuma mataccen soso ba ya tare komai, ƙeyarka ƙarfe za ta tarar. Sau da yawa akwai ɗan farantin roba a ƙasan matashin da ƙananan sukurori, in ka cire shi za ka ga inda aka kama bakin rigar. Wajen mayar da riga a kan sabon soso ka lulluɓe soson da siririyar leda tukuna, rigar za ta zame ta shiga ba tare da ɗinkin ya fashe ba, sannan ka yage ledar ka zaro ta.

Wajen mayarwa kada ka shafa giris a sandar, musamman mai sanda ɗaya. Ka tuna matsewa ce kaɗai ke riƙe ta, in ka cika ta da santsi duk ramin da ka faɗa a hanya matashin zai zame ƙasa. Ka goge man da ka fesa tas, in kana so ka ɗan shafa man silikon kaɗan a tsumma ka goga sau ɗaya ya isa. Ka duba harshen nan ko kilif ɗin yana nan da ƙarfinsa, kada ka ce bari in karye shi don gobe cirewa ta yi sauƙi, shi ne ke hana matashin fita ya tashi sama lokacin hatsari.

Na san wasu suna cirewa ne don su shimfiɗa tamfol ɗin nan da ke rufe kujeru in an ajiye mota, wasu kuma don sun fi son kamannin motar na kafin 1969, gajerun kujeru babu komai a sama. Na yarda tana da kyau a haka. Amma dan Allah in za ka hau titi ka mayar da shi. Motocin nan ƙanana ne kuma gajeru, motocin da ke bin ka a baya yanzu sun ninka su nauyi, in aka buge ka ta baya kujerar ce ke tura jikinka gaba kai kuma ya tsaya a baya, duk abin a wuya yake ƙarewa, ko a ƙaramin gudu. A ƙasashe da dama ma motar da ta zo da shi daga masana'anta ana son a gan shi a wurinsa, ka duba dokar inda kake. In tamfol ne matsalar, akwai wanda ake ɗinkawa da aljihun matashin kai, mai ɗinkin kujera ma zai iya ƙara maka.

Ka tura sandar a miƙe har ka ji harshen ya wuce, ka ja sama ka tabbata ya kama. Sannan ka zauna yadda kake tuƙi ka daidaita tsayin, saman matashin ya kai saitin saman kanka in zai kai, in ba zai kai ba kada ya gaza saman kunnuwanka, tsakaninsa da ƙeyarka kuma kada ya wuce faɗin yatsu uku ko huɗu. In ya yi nisa ka ɗan miƙar da majinginar. Sai ka danna shi ƙasa da tafin hannu da ɗan ƙarfi, in ya zame cikin sauƙi to sifirin ɗin rolan ya gaji ko akwai sauran mai a sandar, ka zare ka sake gogewa, in bai daina ba ka buɗe bayan kujerar ka canja rolan.